Rumfar da Khoan Ya Hana Mai Shela

Idan ka tambayi tsofaffin Ke Dam wane ne Khoan, za su ce maka ai shi ne mutumin nan da ya shekara goma sha ɗaya yana share rumfar da ba kowa a ciki. Wasu su yi dariya, wasu su kau da kai. Ni ba na dariya, don na san abin da ke ajiye a rumfar, kuma na san yadda aka yi ya zo wurin.

A cikin shinge aka haifi Khoan, kuma a garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shingen gora ne ya zagaye Ke Dam, mai kauri da ƙaya, ko kare ba ya ratsa shi, ƙofa biyu kacal gare shi. Wanda kakanninsa ke cikin shinge ɗan gari ne ko da ba shi da wandon sauyawa: yana da wurin zama a zauren gari ranar biki, yana da wurin kwanciya a maƙabarta. Wanda ya zo daga wani wuri kuwa baƙo ne, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, bukkarsa tana waje, gindin jingar kogi. Khoan gonar masu ƙasa yake nomawa, a raba shinkafa su ɗauki mai yawa. Abin da ya gada wurin ubansa ɗaki biyu ne na laka da jinka, da rumfar ɓaunar noma wadda ɓauna ba ta taɓa kwana a ciki ba, sai wurin zama a tabarma ta ƙarshe, can bakin ƙofar zaure inda ruwan sama ke fallatsowa.

Tabarmi huɗu ake shimfiɗawa a zaure. Ta sama ta masu ƙasa ce da masu karatu. Ta biyu, mai jan baki, ta dattawa ce, kuma ita kaɗai ce talaka ke iya hawa, in ya kai shekara hamsin da biyar. Amma shekaru su kaɗai ba sa hawar da mutum. Sai ka yanka alade ka kira gari, gari kuma ya zo ya ci. In suka ƙi zuwa, ko ka kai ɗari kana nan inda kake. Uban Khoan ya kai saba'in bai taɓa samun aladen ba. Khoan ya girma yana ganinsa da furfurarsa a tabarmar ƙarshe, a matse tsakanin sa'annin ɗansa, ana miƙo masa ƙashi. Tun lokacin ya ƙulla a ransa cewa shi ba zai mutu a bakin ƙofa ba.

Ƙasa da tabarma ta huɗu akwai mutum ɗaya, Suu mai shela. Ba a kiransa da sunansa. Mo ake ce masa, sunan rarakakken icen da yake bugawa da sanda in zai yi shela, kuma ɗan shekara biyar ma "kai Mo" yake cewa. Shi ke share zaure, shi ke haƙa kabari, shi ke yanka naman biki ya raba gwargwadon darajar kowa. Tasa tabarmar daban take, a bayan ginshiƙi, da farantinsa shi kaɗai, don ba ɗan garin da zai sa tsinken cin abincinsa inda na Mo ya shiga. Shi da matarsa Nhon suna bukka ta ƙarshe a gindin jinga, ba ɗa ba jika.

Abotarsu ta fara ne a shekarar da lissafinmu ke kira ta Zakara, shekarar yunwa, da mutane ke faɗuwa a hanya suna mutuwa. Tin, ɗan Khoan namiji ɗaya tilo, saurayi mai shekara ashirin, ya mutu a tsakar gida. Babu akwatin gawa, babu ko tabarma, duk an sayar an ci. Suu ya zo ya duba, ya juya. Jim kaɗan sai ga shi da tabarmarsa ta bayan ginshiƙi. A ciki ya naɗe Tin, ya haƙa ramin ya yi zurfi fiye da na kowa saboda karnuka. Daga nan, in Khoan ya taso daga gona sai ya ratsa ta bukkar Suu su sha taba a lofen gora guda. A bayan bukka dai, ba a gabanta ba.

"Yaya Khoan, ja a hankali mana," Suu kan ce. "Taba ce, ba romon aladenka ba."

"Rufe min baki. Ranar da na hau tabarma ta biyu ko gaisuwarka ba zan amsa ba."

"To wa zai yanka maka aladen? Ko da haƙori za ka raba?"

Su yi ta dariya har tari ya sarƙe su, Nhon ta leƙo ta ce su biyun duk ba mai hankali.

A ƙarshen wannan shekarar aka ce ƙasa ta samu 'yanci. Malam Phan, ɗan gidan masu ƙasa wanda ya yi karatu a Hanoi, ya dawo ya zama shugaban kwamitin gari. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, kuma abin da yake faɗa ya yarda da shi har zuciya. Ya ce daga yau kowa ɗaya ne, babu tabarmar sama babu ta ƙasa. Wa zai sanar da gari? Suu mana. Ya bi lungu-lungu yana buga mo yana cewa, "Jama'a ku saurara! Daga yau babu babba babu ƙarami, babu ɗan ciki babu ɗan waje!" Bai rufe baki ba wata tsohuwa ta ɗaga murya ta kan katanga, "Kai Mo, in ka gama zo ka kwashe mushen karen nan a ƙofar gidana." Ya je ya kwashe. Bikin da ya biyo baya aka shimfiɗa tabarmi huɗu yadda aka saba, Malam Phan ya zauna a ta sama yana sunkuyar da kai.

Faransawa, waɗanda suka mulki ƙasar a da, suka dawo da yaƙi. Shekarun farko daga nesa muke jin bindiga, amma a shekarar Damisa, shekara biyar bayan ta yunwa, suka kafa bariki a ƙetaren kogi, suka fara shigowa garuruwa suna farautar 'yan gwagwarmaya. Kwamiti ya mai da Ke Dam sansani. Aka ƙara wa shinge ƙaya, aka yi wa ƙofofi sakata, aka haƙa ramukan ɓuya a ƙarƙashin gidaje. Wa ya iya haƙa ramin da ba ya ruftawa? Suu. Gida-gida ya bi da sassafe, a ba shi abinci a ganyen ayaba a bakin ƙofa, da yamma ya fita kafin a sa sakata. Sauran baƙin da ke gindin jinga duk sun watse, kowa ya nemi danginsa. Saura shi da Nhon. Daga bukkarsa ana hango hanyar bariki, don haka in ya ga sojoji sai ya buga mo, gari ya ɓuya, shi da matarsa su faɗa cikin kyauron bakin kogi. Sau biyu suna tsira a haka da ƙyar.

Bayan na biyun Malam Phan ya tara mutane a zaure. Ya ce abin kunya ne mutumin da ke tsare ran gari ya kwana a waje. An riga an ɗaura dandamali a kan babban ɓauren da ke cikin ƙofar gabas, daga can ana hango hanya fiye da bukkar, ba abin da ya rage sai wurin da Suu da matarsa za su sa kai.

"Wane ɗan'uwa ne zai ba su ɗaki?" in ji shi.

Kai! Ban taɓa ganin ranar da mutanenmu suka ƙura wa yatsun ƙafarsu ido irin ta ran nan ba. Masu gidajen bulo duk suna wurin. Gidan su Malam Phan kansa ɗaki goma sha biyar ne. Ya yi gyaran murya ya ce gidansu nan kwamiti ke zama, kuma tsohuwarsa ba ta da lafiya. Kowa ya san lafiyarta ƙalau. Rantsuwa ta yi cewa ranar da Mo ya ƙetare dokin ƙofarta ya wuce ta gaban teburin bautar kakanni, a nemi gawarta a rijiya.

Sai Dattijo Cuu, babban masu tabarma ta biyu, ya cire lofe daga baki. "Ai ba sai an wahala ba. Khoan yana da rumfa ba ɓauna. Kuma abokinsa ne, kullum hayaƙi biyu muke gani yana tashi a bayan bukka." Aka yi 'yar dariya. Ya jira ta lafa, sannan ya ƙara a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ni dai ban san wanda zai ci shinkafar da aka dafa a murhu ɗaya da Mo ba."

A shekarar nan Khoan ya cika hamsin da biyar. Shekara biyu suna kiwon alade, shi da matarsa Mui, suna hana cikinsu dusa suna ba shi. Saura kwana goma sha biyu walima. Ya ji idanun zaure duka a kansa. Suu yana can waje bayan ginshiƙi yana gyara tsintsiya, kamar ba da shi ake ba.

"Bari in yi shawara da iyali," in ji Khoan.

Mui ba ta bari ya gama bayani ba. Mace ce gajera mai baki, duk unguwa ana shakkarta.

"Shawarar me, Baban Lua?" Lua 'yarsu ce da ke aure a wani gari. "Je ka kawo su yau. Yanzu zan share rumfar."

"Ba ki ji abin da Cuu ya ce ba? In ya ƙi zuwa, ba dattijon da zai zo."

"Su ƙi mana! Mu ci aladenmu mu huɗu har ya ishe mu. Lokacin da Tin ke kwance a ƙasa ƙudaje na binsa, ina Cuu yake? Tabarmar wa ɗanka yake ciki yanzu haka?"

"Kar ki sako min Tin a maganar nan!"

"Na sako shi! In ka manta, ni ban manta ba."

Ya fita ya bar ta tana faɗa. Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ransa ya ɓaci. Amma da ya rufe ido ubansa yake gani a bakin ƙofar zaure, ruwa na jiƙa masa kafaɗa. Da la'asar ya bi jinga ya sami Suu a bayan bukka. Ya sha taba har sau biyu kafin bakinsa ya buɗe.

"Suu, rumfar taka ce. Na rantse da kabarin ubana taka ce. Amma ka ɗan yi min haƙuri a gama walimar nan. Da an tashi, washegari zan turo ku taho."

Suu ya yi dariya. "Haba Yaya, kwana sha biyu? Shekarata talatin a nan. Ka yi walimarka hankali kwance. Amma fa aladen nan naka na gan shi, ƙashi ne da fata, sai na wasa wuƙa sosai."

Walima ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Lokacin yaƙi ne, an daɗe ba a ga nama ba, har waɗanda ba sa fita sai da suka fito. Khoan ya dubi taron ya dubi aladen, ya damu, don in rabon mutum ɗaya ya kasa, za a yi shekara ana maganar. Suu ya durƙusa da wuƙarsa da katakonsa. Ya yanka naman siriri har kana hango farantin ta cikinsa, ya jera, ya sake jerawa, kan aladen ga tabarmar sama, wuya ga ta biyu, har ƙasa, ba wanda ya rasa. Sannan ya miƙe ya buga mo sau uku ya ɗaga murya, "Gari na gayyatar Dattijo Khoan ya hau tabarmarsa!" Khoan ya cire takalmi ya taka tabarma mai jan baki. Cuu da kansa ya zuba masa giyar shinkafa. Hawaye suka zubo masa, bai damu da wanda ya gani ba. Bai waiwaya bayan ginshiƙi ba, don haka bai ga cewa farantin Suu ba komai a kai sai shinkafa.

Washegari bai tura kowa ba. Da hantsi dattawa uku suka zo shan shayi a gidansa, abin da ba a taɓa yi ba, suka zauna suna fuskantar rumfar. Ya ce a ransa bari a kwana biyu, kar a ce ya yaudari gari. Kwana biyu suka zama goma. Mui ta share rumfa, ta toshe inda jinka ke yoyo, ta kafa gado na gora, kullum da safe ta tambaye shi, "Yau ne?" Ya ce bayan girbi, yanzu kowa hankalinsa na gona. A nan ne haushinsa ke kama ni, ni mai ba ku labarin. Cuu bai sake cewa uffan ba. Ba wanda ya hana shi. Daɗin a ce masa Dattijo ne kawai ya shiga jikinsa, ya ji ba zai iya komawa mutumin da ake yi wa dariya a zaure ba. Har hanya ya sauya, in ya taso daga gona sai ya zagaya ta ƙofar yamma don kar ya bi ta gindin jinga.

Sau ɗaya suka yi kiciɓis a bakin rijiya, da mutane a wurin. Suu ya rusuna ya ce, "Barka da rana, Dattijo." Bai tambayi komai ba. Khoan ya amsa da ka ya wuce.

Ranar ta zo a tsakiyar girbin wata na goma. Rana ta ɗaga, hazon kogi bai gama washewa ba, rabin gari na gona da lauje. Sai mo ya tashi daga gindin jinga, bugu na sauri ba tsayawa. Aka watsar da dammunan shinkafa aka yi ƙofar gabas da gudu. Khoan ya ja Mui suka shiga rumfa, suka ɗaga murfin ramin da ke ƙarƙashin gadon gora suka sauka. Sau biyun baya a gonar nesa farmakin ya same su, wannan ne karo na farko da suka shiga nasu ramin.

Ramukan Ke Dam duk na mutum biyu ne, a zauna gwiwa na taɓa gwiwa. Khoan ya miƙa hannu ya taɓa bango, bai ji bango ba. Ya matsa, ya sake miƙawa. Mui ma tana lalube ta nata gefen.

"Baban Lua," ta ce da raɗa, "na mutum huɗu ya haƙa."

Ta cikin bututun goran da ke kawo iska suna jin mo. Da can Suu kan buga kamar sau hamsin ya jefar ya yi kyauro. Ran nan bai tsaya ba, saboda akwai mata masu yankan shinkafa a gonakin can ƙasa, iska kuma ba ta wajensu take kaɗawa ba. Suka ji an ja ƙofar gabas an sa sakata, mo na ci gaba. Khoan ya riƙa cewa a ransa, ya isa, ya isa haka, jefar ka gudu. Sai ƙarar bindiga, biyu a jere. Mo bai sake tashi ba.

Sojojin ba su daɗe ba. Sun fasa ƙofa, sun ƙona gidaje shida da rumbun shinkafa, ba su sami kowa ba, suka koma kafin azahar. Matan gonakin ƙasa duk sun tsira, har da Nhon, wadda ke yankan ƙodago a cikinsu. Mutum ɗaya gari ya rasa. Suu yana kwance a kan jinga, sandar na hannunsa, tsakaninsa da ƙofar gabas bai fi taku ɗari biyu ba. Daga inda yake ana ganin dandamalin da aka ɗaura masa a kan ɓaure.

Aka tsaya cirko-cirko a kansa. Cuu ya ce maƙabarta ta 'yan gari ce, a sa shi a gindin jinga. Sai kuma aka rasa mai haƙawa, don shekara talatin ba ɗan Ke Dam da ya taɓa haƙa kabari. Khoan ya juya. Ya shiga zaure, ya ɗauko tabarma mai jan baki daga inda ake jingine ta, ya saɓo ta a kafaɗa.

"Khoan! Ka haukace? Tabarmar dattawa ce!" in ji Cuu.

"Na sani. Nawa wurin na ɗauko. In ka iya yanke naka, zo ka yanke."

Ba wanda ya tare shi. Malam Phan ya cire hularsa ya tsaya, daga baya ya karɓi fartanya, su biyu suka haƙa, Mui da Nhon suka naɗe gawar. Kar ku ɗauka wannan ya wanke Khoan. Shi kansa bai ɗauka ba. Tabarma ya bayar ga mutumin da ɗaki ya nema.

Da aka gama ya tsaya gaban Nhon, ya kasa ɗaga ido. "Ki taho gida. Rumfar a share take."

Nhon ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta shiga bukka ta jawo wani kwando mai murfi, ɗaure da igiya tam, ta ajiye a gabansa.

"Tun ranar da ka zo ka ce bayan walima ya ɗaure wannan, Dattijo. Ya ce kar in kwance, ba mu san safiyar da za ka turo ba. Ko kabeji bai bari na shuka ba bana, wai wa zai ci." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni garin ƙanwata zan tafi. Kai masa kayansa, su dai su shiga rumfar."

Kwandon yana da nauyi fiye da girmansa. Khoan ya ɗauka a ka ya shiga da shi ta ƙofar gabas, gari na kallo, ya ɗora a kan gadon gora. Bai kwance ba. Bai sake taka zaure ranar biki ba, in an ce masa Dattijo sai ya yi kamar bai ji ba. Kullum da safe ya karɓi tsintsiya a hannun Mui ya share rumfar.

Bayan shekara huɗu Faransawa suka tafi. Shekara ta gaba ma'aikatan rabon ƙasa, masu karɓe gonakin masu ƙasa su raba wa talakawa, suka zo, samari daga wani lardi, suka kasa mutanen gari aji-aji. Khoan ya faɗa ajin talakan manomi, wanda a lokacin ya fi kowace tabarma daraja. Aka tara gari a filin zaure don a faɗi laifukan masu ƙasa, tsohuwar su Malam Phan na durƙushe a tsakiya, ɗanta na can wurin aikin soja bai dawo ba. Shugaban ma'aikatan ya ji labarin Suu, ya zo har gida ya ce wa Khoan shi ne ya fi dacewa ya tashi ya faɗi yadda masu ɗaki goma sha biyar suka bar mai shela a waje har aka kashe shi.

Khoan ya tashi. Ya dubi tsohuwar, ya dubi jama'a.

"Gaskiya ne ta hana," ya ce. "Duk masu bulo sun hana. Amma su ba su yi masa alkawari ba. Ni na yi. Ni na rantse masa da kabarin ubana, na bar shi kwana arba'in yana jira saboda tabarma. Rumfata a share take, da gado a ciki. In za a durƙusar da wani saboda Suu, ga ni."

Shugaban ya yi murmushi irin na mai lallashin tsoho, ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, zauna. Kai talaka ne, su suka cusa maka wannan tunanin. Laifin ba naka ba ne."

"Yaro, ka san ni ne? Na ce maka ni ne!"

"Ku zaunar da Baba, rana ta buge shi."

Aka kama hannunsa aka zaunar da shi, aka kira na gaba. Wasu har dariya suka yi. Shekara biyar yana ɗauke da maganar, ranar da ya sauke ta a gaban gari aka ce ya mai da abarsa.

Ya koma gida rana ba ta faɗi ba, ya wuce rumfa kai tsaye. Mui ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa. Igiyar kwandon ta bushe, sai da ya sa wuƙa. A sama riguna biyu ne masu faci, da gidan sauro, da lofen goran nan nasu. A ƙasa ƙoƙo biyu, tsinken cin abinci na mutum biyu, da 'yar tukunya. Can ƙarƙashi kuma, naɗe cikin busasshen ganyen ayaba, abin da ya sa kwandon nauyi: duwatsun murhu uku na yumɓu, sababbi, da shatin yatsun wanda ya gina su.

Mui ta sa hannu ta rufe baki. "Wayyo. Ashe ya ji abin da Cuu ya ce."

Ya ji mana, yana bayan ginshiƙi. Ya koma ya gina nasa murhun, don kar a ce Dattijo Khoan na dafa shinkafa a wuta ɗaya da Mo. Khoan ya zauna a ƙasa da dutse ɗaya a cinyarsa, yana juya shi, yana kuka irin wanda bai yi ba ko ranar Tin.

Ya ƙara shekara shida a duniya. Duwatsun ya jera su a kusurwar rumfa yadda ake jera murhu, yana sharewa yana zagaye su. Bayan ya rasu, Mui ta kai ni ta nuna min su. Ko ɗigon baƙin hayaƙi babu a jikinsu.